Ranar da Gisaburo Ya Haɗiye Faɗa

A duk masuntan da ke sayen kifin tsokana a rumfata, nan bakin kogin Nagara, babu mai baƙar zuciya kamar Gisaburo. Tun ina amarya nake sayar masa, ga shi yau duk mun yi furfura, ban taɓa jin ya ce na ba shi kifin kirki ba. Wannan ya cika ƙanƙanta, wancan malalaci ne, wancan kuma kallonsa ne bai yi masa ba. Kafinta ne, gwani kuwa, amma da an buɗe kamun kifin ƙamshi a watan Yuni sai ya garƙame shago, mai jiran ƙofa ko taga ya yi ta jira.

Kifin ƙamshi dai ba ya cin tana. Gansakukar kan dutse yake ci, kuma kowanne da dutsensa, wanda ya raɓi na wani sai an gwabza. Shi ya sa ake saƙala wa mai rai ɗan zobe a hanci, ƙugiya na biye da wutsiyarsa, a tura shi gidan wani ya yi tsokana. Mai gida ya taso da faɗa, ƙugiya ta cafke shi. Gisaburo ma yana da nasa dutsen a ƙasan gada, kuma mutanen gari sun daɗe da cewa halinsu ɗaya da kifin.

Wannan halin ne ya raba shi da 'yarsa tilo, Rieko. Tana 'yar firamare ya kai ta kogi, zare ya harɗe a hannunta, ya yi mata tsawar da har na ƙetare suka jiyo. A gabana ta wuce gida ita kaɗai, tufafinta sharkaf, ko kuka ta kasa yi. Ba ranar kaɗai ba ce, amma ita ce na gani da idona. Tana gama makaranta ta tafi birnin Nagoya, kuma in ban da jana'izar mahaifiyarta ba ta ƙara kwana a gidan ba.

Bana, a hutun ziyarar kaburbura na watan Agusta, sai ga ta da 'yarta Sumire, 'yar shekara shida mai giɓi a baki. Da sassafe suka zo rumfata su uku, Gisaburo ya sha aski har da sabuwar hula.

"Ita ce ta nace sai ta ga kogi," in ji Rieko, ba ta ko rage murya don ni ba. "Amma ka ji ni da kyau, Baba. Ka ɗaga mata murya sau ɗaya, mun tafi, kuma ka gama ganinta."

Ya gyaɗa kai kamar yaron da aka kama da satar alewa. Na ja shi gefe na ce, "Gisa-san, ka ji shawara. Ka tono tana, ku zauna a gaɓa ta kama 'yan ƙanana ta yi murna. Sandar nan taka ta fi rufin gidana tsawo, ina yarinya za ta kai ta?"

"Jikata ce za ta fara da tana? Tsuya-san, ke dai ba ni kifi, ki riƙe shawararki."

Na ba shi biyu masu ƙarfi, raina a ɓace. Kafin ya zuba su a ɗan akwatin da ake ja cikin ruwa, Sumire ta riga ta raɗa musu suna, Mochi da Kuro. A nan na san yau akwai kallo. Rumfata tana kan gaɓa daidai gadar, ba abin da ke wuce ni, Rieko kuma ta ja kujera ta zauna kusa da ni ta ƙura musu ido.

Ya kamo Mochi zai sa masa zobe, yarinya ta ƙwalla ƙara da sunan da take kiransa, Jiji, wato Kaka.

"Jiji! Hancinsa za ka huda?"

"Ba ya jin zafi, 'yar gidana."

"Ka tambaye shi?"

Ya buɗe baki, ya waiwayo rumfa, ya rufe. Ya daɗe yana lallashi kafin ta yarda, bisa sharaɗin zai ba Mochi haƙuri. Na rantse da kunnena na ji Gisaburo, wanda bai taɓa ba ɗan Adam haƙuri ba, yana ba kifi.

Da ƙyar ya riƙo hannunta suka taka har gindin dutsensa. Yana miƙe sanda ta ce fitsari take ji. Suka fito. Suka koma, ta ce duwatsu sun shiga takalminta. Suka sake fitowa. Ya sunkuya yana kakkaɓe takalmi, ita kuma ta sami abin yi, tana jifan ruwa da tsakuwa daidai inda kifin suke kiwo. Jijiyar wuyansa ta miƙe, amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Kai, kin iya jifa."

Ana cikin haka sai ga Hatanaka mai gyaran keke, wanda suka yi shekara da shekaru suna rigima a kan dutsen nan. Ya ga wuri fayau, ya taka a hankali ya tsaya a kai, har da gyara tsayuwa.

"Gisa! Yau reno ake yi? To bari in riƙe maka wurin kada ya yi sanyi."

Duk masuntan da ke jere a kogin suka juyo, don a ranar da aka saba da yanzu an fara zagin kakanni. Gisaburo ya cika ya yi fam. Ya dubi Hatanaka, ya dubi jikarsa, ya ce, "A yi kamu lafiya," da wata murya da ban san shi da ita ba. Hatanaka da kansa ya tsorata. Amma hakan bai hana shi fizgo kifi a dutsen ba, ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ya ɗaga shi sama ya nuna.

Su kuwa suka koma wani ɗan wuri marar zurfi kusa da gaɓa. Ya ɗora hannuwanta a gindin sanda, ya rufe da nasa, suka saki Mochi. Aikin nan haƙuri yake so, a bar kifi ya yi iyo da kansa. Sumire kuwa duk bayan numfashi biyu sai ta ɗaga sanda ta ga ko Mochi yana lafiya. Kafin rana ta take, Mochi ya galabaita, yana kwanciya a gefe ɗaya.

"Ya gaji, bari mu canza shi da Kuro," in ji Gisaburo.

"In ya gaji me ake yi masa?"

Gisaburo ya shiga neman ƙaryar da za ta shige. Hatanaka, uban 'yan shisshigi, ya ɗago murya daga kan dutse: "Gishiri da garwashi, 'yan mata! Ai gajiyayye ya fi daɗi!"

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Sunkuyawa ta yi, ta buɗe murfin akwatin da ke ɗaure a ɗamarar kakanta, ta karkata shi. Kuro ya yi wuf ya bi ruwa. In babu kifin tsokana babu kamu, kuma ni nawa sun ƙare tun hantsi.

Na ga fuskar Gisaburo ta yi jawur har kunne, ƙirjinsa ya kumbura, bakinsa ya buɗe. Rieko ta miƙe tsaye ta ɗauki jaka. Ni kaina fata nake ya daure, don duk fitinarsa ba na so in ga ya ƙare shi kaɗai a gidan nan. Sai kawai ya durƙusa, ya tsoma kansa cikin kogi har wuya, ya saki tsawar a can ƙasa. Mu dai kumfa muka gani tana ɓulɓulowa, sabuwar hula ta bi ruwa.

Ya ɗago yana haki, ruwa na zuba daga girarsa. Sumire ta tuntsire da dariya ta ce, "Jiji, sake!" Ya sake. Ita ma ta tsoma tata fuskar ta yi ihu. Daga nan ya cire wa Mochi zobe da kansa, ya ba ta ta sake shi, ya goyo ta a baya suka hauro gaɓa ba ko kifi ɗaya.

Na juya ina murmushi in ce wa Rieko ta ga ikon jika, sai na ga ba murna a fuskarta. Shayin da na zuba mata yana nan ya huce. Ta jira har ya sauke yarinyar, ta tura ta ciki wajen maigidana ta canza kaya, sannan ta dubi ubanta.

"Ashe kana iyawa," ta ce. "Duk shekarun nan ina cewa haka aka halicce ka, ba yadda za ka yi. Ashe kana iyawa, Baba. Ni ce ba ka ga dama ba."

Ya tsaya ruwa na ɗiga daga haɓarsa, akwati wayam a hannunsa. 

"Zan kawo ta baɗi, tunda ka cika sharaɗin," in ji Rieko, tana laluben makullin mota. "Amma in na kawo ta, ni dai a mota zan jira."