Ciwon Jan Babur

Babur ɗin ja ne, irin na tsere, wanda mahayinsa ke kifa ciki a kan tanki kamar mai leƙen rijiya. Na saye shi a hannun wani matashin soja da aka yi wa canjin wurin aiki. Tun ina saurayi nake sha'awar irinsa, amma hali bai samu ba sai da furfura ta fara fito mini. Ranar da na shigo da shi gida, uwargida ta zagaya shi, ta duba gaba, ta duba baya, sannan ta tambaye ni inda ake ɗaure buhu. Na ce ba a ɗaure masa buhu. Ta nuna ɗan wurin zaman baya, wanda bai fi faifai faɗi ba, ta ce, "Nan fa, na wane ne? Na kaza?"

Washegari na kai shi wurin bakanikena don a duba shi ciki da waje. Mutumin Argungu ne, ya daɗe a Zuru amma bakinsa bai baro gida ba. Ya kwance robobin jikin babur ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a ƙasa, ya tsaya yana kallon injin.

"Wanga ba babur ba ne, Malam. Mota ce aka hana ma taya biyu."

Abin da ya samu ba mai tada hankali ba ne. Sarƙa ta saki. Birkin gaba ya cinye. Baƙin mai ya yi kauri, ba a san ranar da aka juye shi ba. A cikin matatar iska zanzaro ya gina ɗaki, har da ƙofa. Ya sa hannu yana laluben gefen injin, ya sake lalubawa, sannan ya ɗago.

"Ina kik?"

Na ce irinsu ba su da kik, maɓalli ake dannawa.

"To in batir ya ƙiya hwa?"

Na ce ba ya ƙi. Ya dube ni, ya ci gaba da aikinsa.

Da ya gama ya hau, ya fita bayan gari. Muna jin kukan babur ɗin tun daga gindin dutse har ya dawo. Ya sauka idanunsa na hawaye saboda iska, ya ce ko sabo sai haka.

Ban cika mako ina zuwa ofis da shi ba ya fara tari. Ya yi tari, ya shaƙe, ya mutu daidai bakin kasuwa. Na danna maɓalli, ya yi wani ɗan nishi ya yi shiru. Wanda bai taɓa tura babur ɗin tsere a hawan unguwarmu ba, bai san nauyin ƙarfe ba. 'Yan kabu-kabu suna wucewa suna rage gudu.

"Baba, yau shi ke hawanka?"

"Oga, a ɗauko ku ku biyun?"

Bakanike ya zare fulogi, ya nuna mini: baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ya sa sabo, ya yi wa batir caji. Bayan 'yan kwanaki na sake turo shi. Ya wanke kafireto, ya canza mini gidan man da nake sha, ya bi wayoyi yana kwance tsohon salatif yana naɗa sabo. Na sake turo shi. Sai ya riƙe babur ɗin a wurinsa yana hawa da kansa, ya je Dabai ya dawo, ya je Rijau ya dawo, ko atishawa bai yi ba. Fulogi fes. Ya mayar mini, na turo shi. Daga nan ya fara yi mini wani irin kallo, irin wanda likita ke yi wa mai kawo ciwon da ba ya cikin jiki.

A gida kuma magana ta kai inda za ta kai. Uwargida ta dawo daga kasuwa ta ce mata sun tambaye ta ko maigidanta ya koma sana'ar tura kaya. Ta ajiye kwando, ta ce, cikin natsuwa, "Baban yara, in ka sake shigowa gidan nan kana tura shi, a sayar a sayo injin markaɗe. Shi ko ya mutu a zaune yake mutuwa." A gaban yayanta da ya kawo mana ziyara ta faɗa, ni kuma na amsa da "to" a gabansa, don haka babu janyewa.

Na gaya wa bakanike saura mini turi ɗaya. Ya ce gobe zai zo gidana da safe ya hau bayana har ofis, ya ga abin da nake yi wa babur ɗin.

Ya zo. Mutum ne mai jiki, wurin zaman kuwa na kaza, gwiwoyinsa suka zo mini kusa da kunne. Muka fita. A ƙofar gida maƙwabcina mai shago yana buɗewa, na tsaya muka gaisa, na tambayi ƙafar matarsa. Gaba kaɗan ladan yana zaune a dakali, na tsaya. Mata suna fitowa daga addu'ar safe a coci, cikinsu akwai 'yar uwar mahaifiyata, na tsaya. Ita sai an gaishe ta da yarenmu na C'lela tukuna, sannan a maimaita da Hausa don kada na baya ya ji an ware shi. Mai ƙosai ta ɗaga ludayi, na tsaya. Ban kashe injin a ko'ina ba, domin na riga na san halin batir.

Sai mahaɗar hanya, inda kawuna ke zama a kujerarsa ta ƙarfe. Tsohon soja ne, kowa Saje yake ce masa, har jikokinsa. Gaisuwar Saje ba gaisuwa ba ce, rahoto ne. Sai ka ba da bayanin mutanen gida daga babba zuwa ƙarami, kuma in ka tsallake wani ya mayar da kai farko. Muna tsakiyar yara, fankar injin ta tashi tana huci. Muna kan awaki, babur ya fara tari.

Bakanike ya zamo ƙasa da ƙyar, ya miƙa hannu ya kashe makulli. Ya gaida Saje, ya ja ni gefe.

"Malam, kullum haka kaka yi?"

Na ce yau ma an yi sa'a, mai shayi bai fito ba.

"Tun daga gida, giya ta nawa ka kai?"

Na ce ta biyu.

"Shida gare shi! Shida! Wanga abu an yi shi don ya ci hanya. Kai ko ka aje shi shina ta ƙona mai a tsaye, fulogi na shan hayaƙi, fanka na shan batir. Babur lahiya lau yake. Mutane ne sunka yi maka yawa."

Na tambaye shi shi yaya yake yi in ya hau. Ya ce shi baƙo ne, hon ya ishe shi.

Washegari na gwada maganinsa. Na sa hular kwano, na sauke gilashi, na kifa ciki, na wuce kowa. Na isa ofis kafin mai shara. Injin yana waƙa. Sai dai jan babur irin wannan ɗaya ne a garin, gilashi bai ɓoye kowa ba. Kafin azahar labari ya isa wurin mahaifiyata cewa na samu duniya. Mai ƙosai ta aiko a tambaya ko ta yi mini laifi. Da la'asar ina dawowa na tarar da Saje a tsakar gidana, da sandarsa a kan cinya. Ban taɓa ganin ya bar mahaɗar nan ba sai don jana'iza.

"Kai, yau wani ɗan sama jannati ya wuce ni. Ka san shi?"

Na durƙusa na yi bayani: fulogi, fanka, batir, giya shida, da injin markaɗe. Uwargida tana bakin madafa, tana jin komai, tana yi kamar tsintar shinkafa take. Saje ya tashi ya zagaya babur ɗin, ya shafa tanki da yatsa ya duba yatsan, kamar yadda ya saba yi wa takalman kurata.

"A bariki, motar da ba ta fita, ranar Asabar ake fitar da ita ta motsa jini. Ba a zuwa gaisuwa da ita." Ya nuna ƙafafuna da sanda. "Waɗannan fa, su ma fuloginsu ya yi baƙi?"

Na ce lafiyarsu ƙalau.

"To gobe ina jiran rahoto. A tsaye."

Haka aka yi. Ranakun aiki ina tafiya ofis a ƙasa, ina gaida kowa har da mai shayi, babur yana gida a lulluɓe da tsohon zanen gado. Ranar Asabar in fita da shi ta bayan unguwa, in kama hanyar Rijau, in sa giya ta uku, ta huɗu, in ramuka sun yarda har ta shida. Ban sake tura shi ba. Uwargida ta cika alkawari, ba ta ƙara ambaton injin markaɗe ba, sai dai in baƙi sun tambayi abin da ke ƙarƙashin zanen, takan ce, "Na maigida ne. Tun da ya saye shi ya koma tafiya a ƙasa."

A inda nake juyowa akwai wani dattijo mai sayar da fetur a kwalba. Da farko hannu kawai yake ɗaga mini. Daga baya ya tambayi garinmu, ashe shi ma tsohon soja ne, ya yi aiki da Saje. Asabar da ta wuce ya fito mini da benci, ya fara tambayar mutanen gida daga babba. Na kashe injin, na zauna. Da na dawo na tambayi bakanike ko akwai wata hanyar da ba ta da tsofaffin sojoji. Ya ce a ƙasar Zuru dai bai san ta ba.