Ɗakin da Ya Ƙi Faɗuwa

Garinmu yana bayan Zuru, kuma abin da haƙar zinariya ta bar mana bai wuce ramukan da ke cinye awaki ba, sai wani ɗaki na dutse da laka a tsakar gidanmu. Kakana ne ya gina shi lokacin da yake yi wa Turawan haƙa aiki, a cikinsa kuma aka haifi babana. Ɗakin ba shi da kyau ko kaɗan. Ƙofarsa sai ka sunkuya, tagarsa kuwa ko kyanwa sai ta yi shawara kafin ta bi.

Da Baba ya bar soja, buri ɗaya ya dawo da shi: ya rushe ɗakin ya kafa na bulo da kwano, kamar yadda abokan aikinsa suka yi. A majami'a ma ana gane wanda ya yi gini daga yadda yake zama. Ya tafi ofishin tsara gari neman izini. Suka turo wani jami'i, ya zagaya ɗakin yana kaɗa kai, ya ce wannan kayan tarihi ne, ba a rushewa, ba a ma taɓawa sai da izini. Mu dai tarihin da muka sani a ciki shi ne buhunan dawa da ɓeraye. Baba ya tambaye shi, to in ya faɗi da kansa fa? Jami'in ya ce wannan ikon Allah ne, babu ruwan ofis.

Daga ranar Baba ya ɗaura yaƙi da ɗakin. Ya hana yaɓen da ake yi masa kafin damina. Ya sa Mama ta riƙa zubar da ruwan wanki a gindinsa, ya ɗaure bunsuru a jikin bango don ya yi ta gogawa. Duk lokacin da hadari ya haɗu sai ya fito da kujera ya zauna yana kallo, kamar mai jiran fareti. Bunsuru ya yi ƙiba, aka yanka shi da Kirsimeti, ɗaki yana nan.

Da ya gaji da jira, ya nemi izinin gina na bulo a ɗan filin da ya rage, aka ba shi. Magini ya yi wa siminti rowa. Wata rana da la'asar aka yi ruwa da iska mai ƙarfi, ta kwashe kwanon, bango ɗaya ya zube a kan gadon Baba. Allah ya sa muna rumfar girki. Muka ruga tsohon ɗakin, muka cunkushe tsakanin buhuna. Baba ya zauna a kusurwar da mahaifiyarsa take kwana a da, yana shafa bango daidai inda ruwan wanki ya cinye. Ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba.

Ba a jima ba, wata safiya na same shi durƙushe a bayan ɗakin, ya kwaɓa laka yana cike gindin bangon da hannunsa. Ya ɗago ya harare ni.

"Ka riƙe bakinka," ya ce. "Ba ni da izinin gyara."