Dutsen da Farce Ya Karce

Ko tsufa ya kwashe mini sunayen jikokina, ba na jin zan manta da tashin hankalin da wani farin dutse ya jawo mini a gonata ta bayan Kaya.

Rijiya muke haƙa ni da ƙanena, muna son mu taɓa noman rani. Mun yi kamar gaba biyu sai diga ta fasa wani dutse fari mai ratsin kore, yana sheƙi. Ƙanena dai ba ya iya riƙe bakinsa, har yau kuwa. Kafin a ci kasuwar Maradun labari ya bazu wai an sami dutse mai daraja a gonar wane. Baƙin fuska suka fara zuwa a kan babura suna tambayar iyakar gonata. Ni kuwa na san yadda haƙon ma'adinai ke yi wa ƙauye: gonaki su zama ramuka, masu bindiga su biyo baya.

Na jefa guntu a aljihu na shiga mota zuwa Talata Mafara, wurin wani tsohon malamin kimiyya, abokin mahaifinmu. Bayan doguwar gaisuwa ya murza dutsen a hannu, ya ce, "Ka ji santsinai kamar sabulu? Sa farcenka ka karce shi."

Na karta. Sai ga layi ya fito, farin gari ya cika mini farce.

"Haka ake gwada taurin duwatsu," in ji shi. "Wanda ya karce ɗan'uwansa ya fi shi tauri. Matakai goma ne, daimon na can sama, babu mai kartarsa. Irin da mutanen nan ke nema, wuƙa ba ta yi musu komai, su ke karce gilashi. Naka shi ne na ƙasan duka. Talk sunansa, da shi ake hoda."

"Baba, ke nan ba za su raba ni da gonata ba?"

"A kan ɗan dutsen hoda? Koma gida ka gwada musu."

Washegari na tara mutane a bakin rijiyar, kowa na ba shi guntu ya karce da kansa. Ɗaya daga masu baburan ya goga nasa a madubin babur ɗinsa, ya duba, ya yi tsaki, ya tayar da babur. Daga ranar ba su sake zuwa ba. Ƙanena ya kwana uku yana fushi da ni, ni kuwa sadakar gero na fitar.

A nan na gane cewa akwai arzikin da rashinsa shi ne rufin asiri, kuma abin da ya firgita ka, ka kai shi gaban mai sani tun bai yi girma ba.