Malam Ya Manta da Distrakta

Shekara ashirin Hajiya tana rubuta manhaja a ofishin wani asibiti, amma mijinta, malamin lissafi, bai taɓa tambayar me take bugawa ba sai da ya yi ritaya. Da zama ya ishe shi, ya ce ta koya masa. Ta ba shi tsohuwar kwamfutarta da rabin teburin falo.

Ya fara da manhajar jera littattafansa. Rana ta uku ta cije, ya kira Hajiya daga kicin.

Ta leƙo ta bayansa. "Malam, konstrakta kaɗai ka rubuta. Shi ke aiki da zarar an ƙirƙiri abu, kuma wanda ka rubuta, fayil yake buɗewa. Distrakta ne ke rufewa in abin ya gama amfani. Ka bar fayil dubu a buɗe."

"Na zaci da kansu suke rufuwa."

"Kamar ƙofar firij ɗinmu da kake bari a buɗe ko?"

Ya yi dariya, ya buga layi uku da yatsa ɗaya, manhajar ta tashi. Da yamma ya kira 'yarsu yana koya mata distrakta, bai faɗi inda ya samo ba. Hajiya tana ji, ta ƙyale shi.