Jinin da Ban Binne Ba

Ni wanzami ne, ɗan wanzami, kuma a gidanmu ba a barin jinin mutum a fili. In na yi wa mutum ƙaho, rami nake haƙawa in zuba jinin, in rufe a gabansa, don kada wani ya ɗiba ya yi masa asiri. Wannan amanar ita ce sana'ar, aska kam kowa na iya saya.

Shekarar da gero ya ƙone a gona, sojoji na kan mulki, sanƙarau ya shigo Matameye da zafin bazara. Ya kwantar da ni tare da 'yata ta fari. Ni na tashi da kunne ɗaya mai ji, ita ba ta tashi ba.

Bayan wata biyu wata lokotoro, wato likita, ta zo daga Damagaram da soja biyu a bayan mota, tana neman jinin waɗanda suka warke. Ta ce jikin wanda ya tsira ya riga ya san inda ake kama ƙwayar cutar a kashe ta. In sun duba jininsa za su gano wurin, su haɗa allurar rigakafi. Mutane suka ga kaki, suka ga kwalabe, nan take kowa ya zama bai taɓa ko ciwon kai ba.

Ran kasuwa Sarkin Aska, wan mahaifina, ya same ni a rumfata.

"Na ji za ka gidan likita. Wanzamin da ya bari aka tafi da jininsa a kwalba, wa zai ƙara ba shi baya ya yi masa ƙaho? Daga Tsauni har Kance za a ji."

"A ji, Baba."

"Da me za ka ci da gida a wannan fari?"

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Amma haushi ya fi tsoron yawa. Da rana tsaka na bi ta tsakiyar kasuwa zuwa gidan likita don in ba da jinina, na naɗe hannun riga tun daga nesa don kada wani ya ce bai gani ba.

Rumfata ta yi wata uku babu mai zama. Sai Baba ya dawo da shawara: in fito in ce sojoji ne suka tilasta ni, a wuce wurin.

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba wanda ya tilasta ni. Akwai ƙannen marigayiya biyu a gida, kuma bazara za ta dawo."