Isufu Mai Barga Bai Saci Dawar Kowa Ba

Yau shekara arba'in da ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Isufu mai barga, kuma har yanzu akwai masu kirana ɗiyar wanda aka kora. Makon jiya ma wata ta faɗa a gidan suna, a zatonta ban ji ba. To na ji, baiwar Allah, ga amsarki a jarida.

A shekarun 1950, lokacin da gyaɗa ke tashe a Matameye, Baba ne ke ciyar da dawakin kumandan, Baturen mulkin Faransa. Bai san ko harafi ɗaya na boko ba, amma ya san cikin doki. Ruwa kafin hatsi, ba bayansa ba. Harawar wake sai wadda ta bushe sarai, kanwa kuwa 'yar kaɗan cikin dusa. Sannan yana da ɗabi'ar da mutane ke yi wa dariya: duk abin da doki zai ci, sai ya fara jefawa a bakinsa ya tauna. Innarmu kan ce ta rasa ko mutum ta aura ko ingarma.

Wata damina sabon kumandan ya sa aka kawo buhunan tunkuza, wato abin da ya rage bayan an matse man gyaɗa, ya ce a daina ba dawaki dawa. Baba ya kwance buhu, ya sansana, ya tauna, ya tofar.

"Gaya masa ta sha ruwa, ta yi funfuna," ya ce wa tafinta. "Abin da ba zan haɗiye ba, ba zan ba dabba ba."

Tafinta ya ce, "Malam Isufu, ka rufa wa kanka asiri."

"Gaya masa dai!"

Ran nan aka kore shi. Kafin la'asar magana ta zaga kasuwa, wai dama satar dawar yake yi, shi ya sa ya ƙi tunkuza. Wallahi ƙarya ne. Ni ke daka a gidanmu, na san abin da ke shiga turminmu.

Ba a yi wata ba, dawaki biyu suka mutu. Na uku, wani akawal, baƙin doki da Baba ya raina tun yana ɗan duƙushi, ya kwanta yana shure-shure. Mutanen kumandan suka aiko a kira Baba. Inna ta tsaya a ƙofa ta ce ba inda za shi. Ya ɗauki kanwarsa ya ratsa ta, ya ce doki bai kore shi ba. Kwana uku yana turke, har akawal ya miƙe. Aikin kuwa ba a mayar masa ba, ba wanda ya ce masa yi haƙuri. Ya koma gonarsa a hanyar Tsauni har ƙarshen ransa.

Yanzu babura sun cinye hanya, abincin dabbobi yana zuwa a buhu ɗinkakke da rubutun Faransanci. Da Baba zai dawo, na san ba zai tambayi abin da aka rubuta ba. Farke buhun zai yi ya tauna.

Bai bar mana barga ba, bai bar ko linzami ba. Ɗabi'ar ya bar mini. Har yau in zan saya wa tumakina dusa sai na ɗanɗana, masu sayarwa suna ta dariya, wai Hajiya ta yi karin kumallo. Su yi ta yi. Ke kuma ta gidan suna, ci gaba da kirana ɗiyar wanda aka kora, zan amsa da ƙarfi. Sai dai ki riƙa ƙarasawa: an kore shi ne don ya ƙi ba doki guba.