Ramin Alhaji da Gemun Ladan

Taubashina shi ne ladanin masallacin unguwarmu, a ƙauyenmu da ke kan hanyar Aujara in ka baro Dutse, kuma shi ne shugaban 'yan jingarmu. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, don haka tun muna yara nake kiransa bawana, shi kuma ya ce mini malalaci. Aikinmu a nuna mana gona, a yi ciniki a dunƙule, mu yi noma ko girbi ko ɗaurin harawa, mu ƙara gaba. Shi ne mai ƙarfi, shi ne mai gaskiya. Ni kuwa nawa korar amalanke da surutu, kuma ban taɓa jin kunyar wannan rabo ba, don dole a samu mai ba da labari yayin da sauran ke zufa.

Ladan ba shi da komai a duniya sai muryarsa. Gonarsa 'yar mitsitsiya ce, kekensa ba birki. Amma in ya kama lasifika ya ja kiran salla, matan ƙauyen da ke gaba da mu ma da shi suke sanin lokacin ɗora tukunya. Ko muna tsakiyar kunya, da ya ɗaga kai ya dubi rana sai ya yar da fartanya ya haye keken nan ya nufi gari, yana tsayar da shi da dunduniya. Ba a biyansa ko sisi, kuma da za a ce ya zaɓa tsakanin gonar da lasifikar, wallahi gonar zai bayar.

A ƙarshen daminar shekarar da aka fara shari'a, wani Alhaji mai kiwon shanun turke ya kira mu bayan gari, inda ya kewaye garkensa da darni. Ya ce wani malamin gona ya koya masa dabara. Za mu haƙa rami mai zurfi, mu yanko karan masara tun yana ɗanye shar, mu sassara shi ƙanana da adda, mu zuba a ramin mu tattake da ƙafa har iska ta fita, sannan a rufe da leda a bi da ƙasa. Wai in bazara ta zo, harawa ta yi tsada, sai a buɗe a tarar da abincin shanu.

Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, jana'iza za mu yi wa masarar ke nan? In kira liman?"

Bai yi dariya ba. Ashe abin da yake tsoro ke nan. Shekarun baya ya taɓa sayo wasu fararen kaji na Turawa, zafi ya kwashe su cikin mako, aka yi ta yi masa waƙa a dandali har yara suka haddace. Don haka ya tsayar da mu ya ce sai mun yi masa alkawari, tsakaninmu da Allah, ba mai faɗa wa kowa abin da ke cikin darnin nan sai ya sayar da shanunsa. Muka ɗauka. Ni na ɗauka ne da baki kamar yadda nake ɗaukar komai, Ladan kuwa sai da ya dafa ƙirji.

Mun yi aikin, kuma ya ci ƙaniyarmu. Abokan jingarmu biyu 'yan Garki ne, da aka rufe rami suka koma gida da bororo a tafin hannu. Muka manta da abin har bazara ta kama. Ana gobe Alhaji zai tashi aikin Hajji ya sake kiranmu, ni da Ladan, ya ce mu buɗe gefe ɗaya, kullum da hantsi mu ɗebo mu zuba wa shanu har ya dawo.

Da muka yaye ledar nan sai da na ja da baya. Abin bai ruɓe ba, ya yi ruwan ɗorawa, shanu kuma suka yi ta wawarsa kamar sun ga dusa. Amma wari! Wani tsami ne mai zaƙi-zaƙi, mai hawa kai, irin na kunun da ya kwana uku a rana. Nan take bayana ya fara ciwo, ciwon da yakan kama ni duk lokacin da aka zo wurin shiga rami. Sai Ladan ya naɗe wando ya shiga, yana cika kwando yana miƙo mini, ni kuma ina karɓa da yatsu biyu.

Kullum daga can rijiya yake wucewa ya yi wanka da sabulun salo, ya sake riga. A banza. Warin ya shige masa farce, ya zauna masa a gemu. Kwana kaɗan aka fara matsawa daga kusa da shi a sahu.

Akwai wani tsohon direban babbar mota a unguwarmu, wanda ya yi shekaru yana kai shanu Kudu, ya dawo ya tara gemu ya zama jagoran samarin da ke sa ido a kan tarbiyyar gari. Shi ya fara sa wa warin suna. Ya ce shi dai ya yi yawon duniya, kuma wannan warin burukutu ne, ko makaho ya shaƙa ya sani. Abin dariyar, kowa ya yarda warin giya ne, amma in ka ce wa mutum, "A ina ka san warinta?" sai ya ce shi ma ji ya yi an faɗa.

Direban ya tare ni a wurin mai shayi. Ya ce, "Kai ne kake bin Ladan bayan gari kullum. Me yake yi a cikin darnin Alhaji?"

Na kurɓi shayina na ce, "Baba, ni amalanke nake kora. Abin da bawana yake yi a ciki, shi da Ubangijinsa. Na dai ga yana fitowa da fara'a."

Yo me zan ce? Alkawari ya ɗaure ni, kuma taubashi bai samun irin wannan dama sau biyu. Na yi kwanaki ina more ta. In mun haɗu a hanya sai in yi tangaɗi in gaishe shi da muryar mashaya. In ya miƙo kwando daga rami in ce, "Bawana, rage mini kaɗan, kar ka shanye." Shi kuma ya ce, "Allah ya shirye ka, malalaci," ya ci gaba da aikinsa.

Ranar wata Laraba bayan la'asar liman ya ce kar a watse. Dattijo ne mai sanyin magana, bai son fitina, amma an matsa masa. Ya dubi Ladan ya ce, "Ɗana, ba mai shaidar ya gan ka da wani abu, kuma ban yarda a yi maganar bulala a kan zato ba. Amma jama'a sun damu. Faɗa mana, warin mene ne a jikinka?"

Ladan ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ban taɓa shan abin da Allah ya haramta ba. Amma akwai alkawari a wuyana, ba zan iya cewa komai ba sai mai shi ya dawo."

Direba ya ce, "Kun ji ko? Har da mai shi!"

Liman ya ce to, kafin mai alkawarin ya dawo, a bari wani ya riƙa kiran salla, don kar zukatan mutane su yi ta raba-raba. Ladan ya ce to. Ya ciro ɗan makullin akwatin lasifika daga aljihu, ya ajiye a gaban liman da hannu biyu. 

Magaribar ranar wani ɗan'uwan direba ne ya yi kiran, da murya kamar ana jan kujerar ƙarfe a kan siminti. Ladan ya zo ya tsaya a sahun ƙarshe, can gefe kusa da takalma, inda ba zai takura wa hancin kowa ba. Washegari a rami na gwada tsokanarsa, ko malalacin bai ce mini ba. Nan ne raina ya ɓaci. Bawana ne, ni kaɗai nake da ikon wulaƙanta shi, kuma ni ma iyakata baki. Alhaji kuwa sai an yi makonni kafin ya dawo, lokacin ba waya a hannun kowa, kuma na san garinmu: wanda ya riƙe lasifika wata guda ba ya sakinta.

Na ce masa, "Mu faɗa musu kawai. Alhaji zai fahimta."

Ya ce, "Na dafa ƙirji."

To, ni ma ba zan faɗa ba. Ranar Asabar da hantsi, bayan ya tafi rijiya, na sauka ramin da ƙafata, karo na farko tun da aka buɗe shi. A can ƙasa inda ruwan karan ke taruwa na tsoma ƙyallen goge zufata har ya sha ya ƙoshi, na ƙulle shi a leda na sa a aljihu. Ruwan kara ne tsarkakakke, wannan ko a gaban alƙali zan maimaita.

Na riga kowa zuwa azahar, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin unguwar. Na tsaya a bakin ƙofa kusa da butoci. Duk wanda ya gama alwala hannunsa a jiƙe yake, ba mai lura da danshin hannun wani. Sai in sa hannu a aljihu in matse ƙyallen, in fito da shi in tari mutum da gaisuwa. Ba gaisuwar wucewa ba, irin ta hannu biyu, mai tambayar gida da iyali da gajiya da zafi da lafiyar awaki. Mutum ya zare hannu ya dafa ƙirji, ni kuma in sake kamowa in tambayi surukansa. Direba sai da na gaishe shi sau uku, har ya ce da alama shiriya ta fara kama ni.

Da aka sallame na ɗaga murya na ce, "Allah gafarta Malam, a yi wa alhazanmu addu'a Allah ya dawo da su lafiya." Wa zai ƙi? Liman ya ja addu'a, aka ɗaga hannuwa, aka shafa a fuska, aka bi da gemu har ƙasa. Na leƙa ta tsakanin yatsuna ina kallon sahun gaba kaf suna shafe kansu da abin ramin Alhaji, na kusa shiɗewa don riƙe dariya.

Sauran aikin rana ce ta yi shi. Zafin bazara ya dafa warin a gemu da wuyan riga. Kafin la'asar an ce matar mai unguwa ta hana shi shiga ɗaki sai ya yi bayani. Samarin direba biyu suka bi bayan jagoran nasu suna shinshina, ɗaya ya yi ƙarfin hali ya ce, "Baba, yau ina ka je?" Aka ji ihunsa har bakin kasuwa yana rantsuwa da abin da zai kashe shi.

Da la'asar masallaci ya cika, amma sahu ya ƙi haɗuwa. Kowa yana ba maƙwabcinsa tazara, kowa yana satar shinshina hannun rigarsa. Lokaci ya yi, ɗan'uwan direba bai tashi ba, don shi ma ya sha gaisuwa. Liman ya kama gemunsa ya kai hanci, ya daɗe a haka. Sannan ya ɗaga ido ya nemo ni a cikin jama'a.

Ya ce, "Kai, me ka shafa mana?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, gaisuwa ce kawai. Sauran kuma ni ma akwai alkawari a wuyana."

Wani ya tuntsire da dariya a baya, aka harare shi. Liman bai yi dariya ba. Ya ce, "Shekarata saba'in da wani abu, ko ƙofar gidan giya ban sani ba, ga shi ina wari kamar yadda Ladan yake yi. Da da safe aka tambaye ni, da na rantse warin giya ne a jikinsa. Allah ya yafe mana." Ya dubi direba, direba ya dubi tabarma. Sannan liman ya ɗauki makullin lasifika ya miƙa ta saman kawunan mutane, aka riƙa karɓa hannu zuwa hannu har sahun ƙarshe.

Ladan ya taso ya ratsa sahu, ba wanda ya matsa. Ya buɗe akwatin, ya kunna, ya kai bakinsa, sai muryar ta ƙi fita. Lasifikar kuwa a kunne take. Duk garin, har matan da ke cikin gida, suka ji numfashin ƙaton namiji yana kokawa da kuka. Ba wanda ya ce masa ya yi sauri. Ni da na zo da dariyata a baki na rasa inda zan ajiye ta, na ji hawaye yana bin fuskata, na ɗaga hannu zan share na tuna abin da ke jikinsa, na bar shi ya zuba. Can ya ja dogon numfashi, ya fara kiran.